Ruwan da Burodi Ya Sha: Waiwaye a Kan Tarihin Alkama da Fadamun Arewa

Kalmomi uku ne a bakin Bahaushe suke riƙe da tarihin da nake son bi: alkama, gurasa da burodi. Biyun farko Larabci ne, sun ratso Sahara tare da fatake da malamai. Ta ukun kuwa ta teku ta biyo. Turanci ce da ta sauka Ikko, ta kwana a bakin Yarabawa, sannan ta hau jirgin ƙasa ta iso Arewa. Tsakanin zuwan kalmar farko da zuwan ta ƙarshe akwai ɗaruruwan shekaru, kuma a tsawon wannan zamani alkama ba ta taɓa zama barazana ga ƙasa ko ga ruwa ba. Sai da burodi ya zama karin kumallon birni, cikin shekaru sittin da suka wuce, sannan aka fara tare koguna, ana sare dazuzzuka, ana tayar da ƙauyuka da sunanta. Abin da nake son kafa hujja a kai shi ne, idan ana zancen ɓarnar abinci, guntun burodin da ya yi fumfuna aka jefa a bola shi ne mafi ƙanƙantar asarar. Babbar asarar an tafka ta tun kafin a kwaɓa fulawa, kuma ruwa da fadama ne suka biya.

Alkamar jigo

Alkama ba 'yar ƙasar zafi ba ce. An fara noma ta a Gabas ta Tsakiya kimanin shekaru 10,000 da suka shige, kuma har yau halinta na asali bai sauya ba: tana son sanyi lokacin da take tofo da fitar da kai, zafi kuwa yana kama ta tun ƙwayar ba ta cika ba. Saboda haka damina, wadda ita ce uwar noma a wurinmu, ba ta tsinana mata komai. Ƙofa ɗaya tak yanayinmu ya buɗe mata, wato hunturu, daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, lokacin da ko ɗigo ba ya saukowa daga sama. Ke nan duk ƙwayar alkamar da aka taɓa girba a ƙasar Hausa, da ruwan da aka ɗebo daga kogi ko rijiya ko tafki aka shayar da ita. Duk abin da zai biyo baya a wannan maƙala daga nan ya samo tushe.

Duk da wannan ƙa'ida mai tsauri, alkama ta daɗe tare da mu. Lokacin da Ibn Battuta ya ya da zango a Takadda, a yankin Azbin na Jamhuriyar Nijar ta yau, a shekarar 1353, ya ba da labarin cewa 'yar alkama kaɗan ake nomawa a can, kuma fatake da baƙi ne masu cin ta. Bayan shekaru ɗari biyar, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya ga ana noman alkama da albasa ta hanyar ban-ruwa a ƙasar Borno, ya kuma danganta su da Larabawa. A birnin Kano ma sawun bai ɓace ba. Gurasar da ake gasawa a tanderu, wadda mutanen birni suke alfahari da ita har gobe, gadon wannan cuɗanya ce da mutanen Tarabulus da Gadamas waɗanda suka zauna a tsofaffin unguwanni irin su Dandalin Turawa. (Kalmar Turawa, kafin zuwan Nasara, Larabawa take nufi.)

Yadda ake noman shi ne abin lura. Mai lambu yakan yanka gonarsa komi-komi a gefen fadama, ya kafa jigo a bakin rijiya ko gaɓar kogi, ya dinga tsoma guga yana juyewa tun da asuba har hantsi. Jigo ba shi da sauri, kuma rashin saurin nan shi ne hikimarsa, ko da masu shi ba su yi nufin haka ba. Iyakar ruwan da za a ɗiba ita ce iyakar ƙarfin damtsen mutum. Babu mai jigon da ya isa ya ƙafar da kogi, babu kuma wanda zai noma fiye da abin da shi da 'ya'yansa za su iya shayarwa. Don haka alkama ta zauna a matsayin abincin alfarma: alkaki da dubulan a garar amarya, finkaso ranar salla, taliya da gurasa a gidajen sarauta da na attajirai. Talaka yakan ɗanɗana ta a biki, ya koma wa geronsa da dawarsa.

Gero da dawa kuwa an gina musu tsarin da ba ya barin komai ya salwanta. Damin gero yakan shekara biyu ko uku a rumbu bai yi komai ba. Kara ya zama danga da makamashi, dusa ta tafi ga dabbobi, ƙaiƙayi ya shiga ƙasar gini. Ko bayan an dafa, harshen kansa ya tanadi suna ga kowane mataki na ragowa. Tuwon da ya kwana ɗumame ne, wanda wasu suka fi so a kan sabon tuƙi. Abin da ya kama a gindin tukunya ƙanzo ne, a shanya shi, a adana, wata rana a jiƙa a yi kwaɗo. Na tashi na tarar da kakata tana da wata ƙwarya ta musamman ta ƙanzo a bisa danki, kuma ban taɓa jin ta kira abin da ke ciki sauran abinci ba. Abinci take ce masa. Al'ummar da ta sha ganin fari da yunwa ba ta da kalmar wulaƙanci ga abin da ya kwana.

Burodi ya hau jirgi

Gashin burodi irin na Turai ya fara kafuwa ne a Ikko a ƙarni na 19, a hannun 'yantattun bayin da suka komo daga Barazil da Saliyo. A farkon ƙarni na 20 wani mutumin Jamaika, Amos Shackleford, wanda ya iso Ikko a 1913, ya mayar da shi babbar sana'a har aka yi masa laƙabi da sarkin burodi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, burodi ya biyo shi, ya sauka a Sabon Gari da barikin soja da makarantun kwana. Amma har zuwa samun mulkin kai abincin ma'aikata ne da 'yan boko, kuma fulawar da ake yin sa da ita a buhu take zuwa daga ƙetare.

A 1960 aka kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a ƙarƙashin wani attajiri ɗan asalin Girka, George Coumantaros, kuma a 1962 injin niƙansa na Apapa ya fara aiki. Daga nan ƙwayar alkamar ce ake saukewa daga jirgin ruwa, akasari daga Amurka, a niƙa ta a bakin teku. A kula da inda aka kafa injin: a tashar jiragen ruwa, fuskarsa na kallon teku, bayansa ga gonakin ƙasar. An kuma daidaita injuna da gidajen burodi a kan irin alkamar Amurka mai tauri, wadda ke sa burodi ya kumbura ya yi laushi. Ɗanɗanon da 'yan Nijeriya suka saba da shi tun daga lokacin, a can aka ƙera shi.

Shekarun 1970 ne suka ƙarasa aikin. Kuɗin man fetur ya shigo, naira ta yi ƙarfi har ta fi dala, duk abin da aka shigo da shi ya yi araha. Farin 1972 zuwa 1974 ya tsauwala farashin gero da dawa a daidai lokacin da ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata, kuma samari suna ta kwarara birni neman aikin lebura. Ba na cikin masu ganin wautar waɗanda suka rungumi burodi. Gwauron da ya kama ɗaki ɗaya a Fagge ko Tudun Wada, ba shi da turmi, ba shi da murhu, ba shi da mai yi masa surfe da daka, me zai ci da asuba kafin ya tafi Bompai? Burodi ba ya neman itace, ba ya neman miya, yana shiga aljihu. Teburin mai shayi ya zama ɗakin girkin wanda ba shi da gida. Kafin tsakiyar shekarun 1980 Nijeriya tana shigo da alkama kimanin tan miliyan ɗaya da rabi a shekara, alhali abin da take nomawa bai taka kara ya karya ba. A 1985 wasu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka fitar da littafi mai suna The Wheat Trap, wato tarkon alkama. Sunan ya dace da halin: ƙasa ta saba da abincin da ba za ta iya nomawa da araha ba, ba za ta kuma iya bari ba.

Madatsu uku

Amsar da gwamnatocin wancan zamani suka bayar ita ce a noma alkamar a gida, ko ta halin ƙaƙa. Tun da sai da ban-ruwa take yi, sai a tare koguna. Manyan ayyuka uku aka ɗora wa wannan buri: na Kogin Kano, na Bakolori, da na kudancin Tafkin Chadi. Kowannensu an zana shi da alkama a matsayin babbar shukar rani.

Na Chadi shi ne ya fi saurin mutuwa. An tsara shayar da hekta 67,000 a yankin Marte ta hanyar jawo ruwa daga tafkin da manyan injuna, aka buɗe kashin farko a 1979. Sai dai tafkin da aka yi lissafi da shi tuni ya fara ja da baya. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. A tsakiyar shekarun 1980 bai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba. Bakin magudanar ya bushe, injuna suka tsaya cik a cikin rairayi. Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin shi ne abin da manoma suka yi. Sun bar gonakin hukuma, suka bi tafkin duk inda ya janye, suka shuka masara da wake a kan laimar da ya bari, ba famfo ba taki, suka kuma ciyar da kasuwanni. A wannan yanki ne dai aka daɗe ana dasa dawar masakwa a ƙasar firgi bayan ɗaukewar ruwa. Ilimin noman rani ba tare da inji ba yana nan a wurin, ba a dai tambaye shi ba.

Bakolori kuwa jini ya sha. An gina madatsar a kan Kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, tsakanin 1974 da 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi kwangilar. Tafkin da ya taru ya haɗiye ƙauyuka da gonaki, ya tayar da mutane sama da 10,000. Waɗanda ke yankin da za a shayar kuma aka karɓe gonakinsu don a baje su a daidaita, aka tumɓuke ɗorawa da kuka da sauran itatuwan amfani, wasu suka yi damina biyu ko uku ba su yi shuka ba, diyya kuwa ta zama abin jeka-ka-dawo. Da tura ta kai bango, manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980, zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa ƙauyukan. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu. Masu bincike da mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne.

Akwai kuma wata asarar da ba ta yi ƙara ba, ita ce ta mutanen da ke ƙasa da madatsar. Rayuwar fadamar Sakkwato a kan ambaliyar shekara-shekara take: ruwa ya malala, ya kawo sabuwar ƙasa, kifi ya shiga ciyawa ya hayayyafa, manomi ya shuka shinkafa, ruwa ya janye ya bar laima ga albasa da dankali, Bafillace ya sauko da shanu da rani. Binciken da William Adams ya yi a kwarin bayan an rufe madatsar ya nuna ambaliyar ta ragu, manoma da yawa sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, masunta kuma sun rasa kifi. Wannan abinci ne da aka saba samu aka daina samu. Ba wanda ya gan shi a bola, domin ba a ma noma shi ba, amma asararsa ba ta da bambanci da ta wanda aka zubar.

Aikin Kogin Kano ne kaɗai za a ce ya rayu, kuma adalci ne a faɗi haka. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta mayar da Kura da Kadawa da Bunkure da Garun Malam wuraren da ake noma rani da damina, ta kuma taimaka wa birnin Kano da ruwan sha. Sai dai ko a nan alkama ba ta riƙe sarautar da aka naɗa ta ba. Manomi ya yi lissafi: alkama tana son a shuka ta a kan lokaci, tana son taki da ruwa a kai a kai, sannan ta je kasuwa ta tarar da ta Amurka ta fi ta araha. Ya juya ga tumatir da shinkafa. Yau duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano a lokacin kakar tumatir, ya tsaya Kwanar Gafan, zai ga kwanduna jere suna jiran mai saye, wani ya ruɓe a nan, wani a yanka shi a shanya a ƙasa ya zama kauɗa. Ruwan da aka tare don alkama, wani kasonsa a ruɓaɓɓen tumatir yake ƙarewa.

Wanda ya biya kuɗin Tiga yana can gabas, a fadamun Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa cikin tuddan rairayi kafin su haɗu su nufi Gashuwa. A ƙarshen shekarun 1960 ambaliya takan rufe sama da murabba'in kilomita 2,000 a wannan yanki; a ƙarshen shekarun 1980 ba ta kai 1,000 ba. Fari yana da nasa laifin, ba a musun wannan, amma madatsa ce ta mayar da abin dindindin, musamman da aka ƙara ta Challawa a 1992. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna amfanin da ake samu daga ruwan idan an bar shi ya malala a fadama, ta fuskar noma da kamun kifi da itace, suka kwatanta da amfaninsa a gonakin aikin Kogin Kano. Fadama ta yi rinjaye da ninki mai yawa. Tsarin da aka ɗauka na gargajiya ne, na koma-baya, shi ne ya fi iya tattalin ruwa.

Ba yawan ruwan kaɗai aka taɓa ba, har da lokacinsa. Kogin da a da yake cika da damina ya ƙafe da rani, yanzu ana sako masa ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan ne ya yi wa kachala daɗi. Ciyawar ta toshe hanyoyin ruwa, ta sa wani yanki ya nutse ba ya bushewa, wani kuma ya bushe ba ya jiƙa. Ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki, waɗanda ke sauka garke guda a kan shinkafa da gero, har da ita alkamar.

Shekaru shida na haramci

A watan Janairu na 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta haramta shigo da alkama. A takarda matakin yana da ma'ana: kuɗin ƙetare ya yi ƙaranci, ga tsarin tsuke bakin aljihu da aka shiga a 1986. Farashin alkama ya yi tashin gwauron zabo, gwamnatocin jihohi suka shiga rabon injin ban-ruwa da iri da taki a farashi mai rahusa. Jigo ya ba da wuri ga famfo mai shan fetur, iyakar nan ta ƙarfin damtse ta tafi ke nan.

Wani mai bincike, Kevin Kimmage, ya bi diddigin abin da ya faru a kwarin Haɗeja da Jama'are, ya wallafa a 1991. Ba ƙananan manoma ne suka fi cin moriyar garaɓasar ba. Manyan ma'aikata da attajirai da masu faɗa-a-ji ne suka samu filaye a fadama, suka sa katafila ta share dazuzzukan bagaruwa da ƙaya, suka shuka alkama a ƙasar da ba za ta jure ba. Shekara biyu ko uku ƙasar ta gaji, iska ta kwashe samanta, su kuma su matsa gaba. Dazuzzukan nan su ne makiyayar rani ta Fulani, ta cikinsu burtali ya bi zuwa mashaya. Makiyayi ya sauko kamar yadda ubansa ya saba, ya tarar da koren alkama a inda ya bar daji. Rikicin manoma da makiyaya a wannan kwari ya girmi alkama, amma ta hura masa wuta.

Duk da haka burodi bai koma na alkamar gida ba. Fulawa ta ci gaba da shigowa ta bayan fage daga Kwatano da sauran iyakoki, masu injin niƙa suka yi ta kuka, Amurka ba ta ɓoye fushinta ba, kuma a ƙarshen 1992 aka janye haramcin. Farashi ya faɗi, manyan manoman alkama suka watse, suka bar fili fetal. Yana da kyau a kwatanta da wani haramcin na wannan zamani, na shigo da tsiron sha'ir a 1988. Kamfanonin lemon malta da na giya sun koma amfani da dawa, kuma har bayan an sassauta dokar ba su rabu da ita ba, domin dawa 'yar gida ce, ruwan sama ya ishe ta. Inda aka nemi maye gurbi da abin da ƙasa take so an dace. Inda aka nemi tilasta wa ƙasa abin da ba ta so an sha kashi. Yunƙurin cusa garin rogo a burodi, wanda aka yi zamanin Obasanjo aka sake yi zamanin Jonathan, har shugaban ƙasa ya ci a bainar jama'a, bai yi nisa ba. Amma aƙalla bai tare wa kowa kogi ba.

Kwantai

Yanzu sai mu dawo kan burodin kansa. Cikin abincinmu babu mai gajeren rai kamarsa. A ɗaure shi a leda da ɗuminsa, ya yi gumi, zafin bazara ya same shi, kwana uku ko huɗu ya yi fumfuna. Ba ya ɗumamuwa, ba ya ƙanzo. Sunan da yake samu idan ya kwana na kasuwa ne, wato kwantai. Gidajen burodi da yawa a garuruwanmu da itace suke gashi, gungume-gungume, ledar kuma tana ƙarewa a kwata ko a cikin tumbin akuya. Masu ƙididdigar ruwa sun ce, a matsakaicin lissafin duniya, kilo ɗaya na burodi yana cin ruwa kimanin lita 1,600 tun daga gona.

Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ƙiyasta cewa kowane ɗan Nijeriya yana zubar da kilo 189 na abinci a shekara a gida, adadin da ya sa mu a sahun gaba a duniya. Rahoton 2024 ya sauko da shi zuwa 113. Jaridu sun yi ta yayata adadin farko kamar abin kunya. Ni dai ina karanta shi da taka-tsantsan, domin lissafin ya haɗa da ɓawon doya da na rogo da ƙashi da totuwa, abubuwan da mai cin abincin gwangwani ba ya zubarwa a gidansa saboda masana'anta ta zubar masa. Gidan da ake auna garin tuwo da gwangwani ba shi da abin zubarwa. Ko kwantan burodi akasari ba ya kai wa bola, masu kiwon kaji da tumaki da kifi suna saye da araha. Almubazzaranci na gaske yana ɗakunan biki da manyan otal da teburan buɗa-baki na masu hali, inda ake jera abin da ciki goma ba zai ɗauka ba a gaban mutum uku. Wannan abin zargi ne, amma ko an tara shi duka bai kama ƙafar shinkafa da kifin da fadamun Sakkwato da Haɗeja suka daina bayarwa ba.

Akwai kuma wani abin takaici a lissafin. Nijeriya tana shigo da alkama sama da tan miliyan 4 a kowace shekara, ga taliya da Indomie sun ƙaru a kan burodi, alhali binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2021 ya nuna abin da aka noma a gida bai kai tan 40,000 ba. Wato burodin da ke kan teburin mai shayi a yau, ruwan saman Amurka da Kanada da Rasha ne ya raine shi, da dala muka saye shi. Kogunan da muka tare saboda shi kusan ba su da hannu a cikinsa. Mun biya sau biyu, sau ɗaya da kuɗi, sau ɗaya da fadama, burodi ɗaya muka karɓa.

Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a 2022, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, sun sake tayar da tsohon buri. Gidajen burodi sun yi ta rufewa, wasu suka rage girma suka bar farashi, wasu suka ƙara farashin suka rage girman tare. A watan Nuwamba na 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da sabon shirin noman alkama na rani a Jihar Jigawa, a wannan kwari dai na Haɗeja, da tallafin Bankin Raya Afirka. Ba daidai ba ne a ce babu abin da ya sauya tun 1987. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri da takwarorinta na ƙetare sun samar da iri masu jure zafi, kuma ƙaramin manomin da ya samu iri da taki a kan lokaci yana iya fita da riba. Na ga waɗanda alkama ta yi wa rufin kwano da kuɗin makarantar yara. Ba kuma sababbin madatsu ake ginawa ba a wannan karon. Yawancin gonakin da 'yan rijiyoyin burtsatse marasa zurfi ake shayar da su, ana zuƙo ruwa da famfon fetur ko na hasken rana, dubbai a jere a gefen kogi. Ruwan da suke zuƙowa yana kwance ne 'yan mitoci kaɗan a ƙarƙashin fadama, shi ne kuma rijiyoyin sha na ƙauyukan yankin suke dogaro da shi. Ambaliyar shekara-shekara ce take tsatsafowa ƙasa ta mayar da abin da aka ɗiba, ita ce kuma ambaliyar da Tiga da Challawa suke riƙe da ita a can sama.